Wa Ya Raba wa Maza da Mata Sana'a? Darasi daga Noman Rani a Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Duk wanda ya zagaya azuzuwan jami'o'inmu da kwalejojinmu na Arewa zai ga wani abu da ya zama kamar doka, ko da yake babu inda aka rubuta ta. 'Yan mata sun fi taruwa a fannin koyarwa da jinya da unguwarzoma da tattalin gida, samari kuwa sun mamaye aikin injiniya da safiyo da likitancin dabbobi da sarrafa injinan gona. In aka tambayi ɗalibi dalilin da ya sa ya zaɓi fanninsa, sau da yawa amsar ba ta wuce cewa haka ya ga ana yi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga hasarar da wannan rabo yake jawo mana. Domin kada maganar ta zama shaci-faɗi, zan kafa ta a kan wuri guda da yawancinmu muka sani, watau ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano. Ra'ayina shi ne, ya kamata a ƙarfafa wa yarinya mai basirar lissafi gwiwa ta karanta aikin ruwa da ƙasa da inji, a kuma bar yaro mai sha'awar sarrafa abinci ko rainon ƙananan yara ya bi abin da Allah ya hore masa, ba tare da an yi masa gori ba.

Yadda Ruwa Ya Sake Ƙasar

A zamanin Gwamna Audu Baƙo ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. An tsara kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano domin ya shayar da hekta 22,000, aka fara gwaji a Kadawa, sa'an nan shirin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Ruwan yana tasowa daga Tiga ta babbar hanyar ruwa, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai, har ya isa bakin gona ba tare da an sa inji ya tura shi ba, domin gangaren ƙasa ne yake tafiyar da shi. Ƙasar da a da ba ta san komai ba sai gero da dawa da gyaɗa na damina, sai ga ta tana ba da alkama da tumatir da albasa da masara da rani, da shinkafa mai ɗimbin yawa. Kura ta zama cibiyar cinikin shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta zama matattarar tumatir, har ta kai a 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa.

Abin lura a nan shi ne, ruwan bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da sana'o'in da kakanninmu ba su san su ba. Akwai mai auna gangaren ƙasa, da mai lissafin yawan ruwan da za a saki, da mai gwada ƙasa ya ga ko kanwa ta fara cin ta, da mai binciken iri a tashar gwaji ta Kadawa wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da mai gyaran tarakta, da malamin gona. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka gada. Ba a ce ga gidan maƙeran da suka gaji awon ruwa, ko ga zuriyar da ta gaji gwajin ƙasa ba. Sababbi ne fil, a makaranta ake koyonsu. To, in haka ne, wa ya yanke hukuncin cewa na maza ne? Amsa ita ce babu wanda ya zauna ya yanke. Maza aka fara kai wa makaranta, su suka fara samun takardar shaida, sai ido ya saba da ganinsu, sabo kuma ya rikiɗe ya zama kamar al'ada.

Ina Mata Suke a Cikin Wannan Aiki?

Mai cewa mace ba ta da abin yi a harkar noman rani, lalle bai bi hanyar Zariya ko ta Rano lokacin kakar shinkafa ba. Mata suna nan cikin aikin tsundum. Tsofaffi da zawarawa da 'yan mata suna fita ƙwadago, suna cirar ciyawa, suna tsinkar tumatir, suna sheƙa, suna kala. Waɗanda ke cikin kulle kuwa su ne ke turara shanshera a manyan tukwane, su shanya ta, kafin a kai ta inji. Su ne ke kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gida, su ne ke dafa abincin sayarwa da yara ke kai wa leburori a bakin gona. Tun a shekarun 1970 Cecile Jackson ta yi bincike a ƙauyukan wannan shiri, littafinta kuma ya fito a 1985, inda ta nuna yadda masu tsara shirin suka yi lissafinsu kamar mata ba su da hannu a tattalin arzikin wurin. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin ma an yi wani abu da ya kamata ɗaliban tarihi su riƙa tunawa, watau yajin aikin da matan karkara suka yi a gonar wani kamfanin waje mai noman ɗanyen wake domin kai wa Turai, suna neman ƙarin lada.

Saboda haka ba a kan shigar mace gona ake gardama ba, domin ta riga ta shiga. Abin tambaya shi ne, a wane matsayi? A halin yanzu mafi yawansu suna can ƙasan tsani, inda rana ta fi zafi, lada kuma ya fi ƙanƙanta. Abin mamaki shi ne, al'ummar da ba ta ga laifin dattijuwa ta yini a sunkuye cikin taɓo domin abin da bai taka kara ya karya ba, ita ce kuma take ganin abin kunya ne jikar wannan dattijuwa ta tsaya a bakin magudana da na'urar awo a hannunta tana karɓar albashi. In kare mutunci ake nufi, wanne ne ya fi kare shi?

Akwai wani al'amari kuma da ya fi wannan ban tsoro. Duk aikin da mata ke yi da hannu, da zarar inji ya shigo cikinsa sai ya koma hannun maza. Daka da niƙa na mata ne tun fil azal, amma da injin niƙa ya zo, namiji ne ya tsaya a kansa. Casar shinkafa a turmi ta mata ce, amma injinan casa na Kura galibi maza ne suka mallake su, maza ke tuƙa su, maza ke gyara su. Yanzu kuma manyan masana'antun shinkafa suna turara shanshera da kansu, injin girbi yana yanka yana sussuka yana sheƙa a lokaci guda. Kowane ci gaba irin wannan alheri ne ga ƙasa, amma yana zare wata 'yar hanyar samun kuɗi daga hannun matan karkara. In ba a sami 'ya'yansu mata sun koyi ƙera inji da gyara shi da gudanar da masana'anta ba, to za a wayi gari sana'ar ta bar gidan gaba ɗaya, babu abin da ya maye gurbinta.

Kulle Ma Hujja Ce

Wasu za su ce, ai mu al'ummar kulle ce, ba mu son cakuɗar maza da mata. Ni kuwa ina ganin wannan ita ce babbar hujjar da ta wajabta a sami mata a waɗannan fannoni. Malamin gona namiji yana iya tara magidanta a gindin bishiya ko a zaure, amma iyakarsa zaure, domin ba shiga. Ilmin da ya kawo game da adana hatsi, da haɗarin ajiye maganin feshi a ɗaki ɗaya da abinci, da illar zuba ruwan sha a jarkar da aka ƙarar da maganin ƙwari, duk yana bukatar ya kai ga uwargida, amma sai ya tsaya a ƙofa. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ta mace ce, ita ce asusunta, ita take sayarwa in bikin 'yarta ya taso. In annoba ta shigo garke, likitan dabbobi namiji ba zai ga akuyar ba sai an jawo ta waje, ba kuma zai ji bayani daga bakin mai ita ba. Haka nan cututtukan da ke bin ruwa mai kwanciya, kamar tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, mata da yara ne suke kwana da su, mace mai ilmin tsabtar ruwa kuwa ita ce za ta iya zama a kan tabarma ɗaya da su ta yi musu bayani.

Mun daɗe da yarda da wannan hujja a asibiti. Babu magidancin da ba ya fatan likita mace ta duba iyalinsa, shi ya sa iyaye da yawa ba sa ƙyashin 'yarsu ta karanta likitanci. Abin da nake roƙo shi ne a miƙa wannan hankali ya kai gona da garke da bakin ruwa. Daɗin daɗawa, shari'ar Musulunci ta ba mace gādo, har da na gona. Akwai mata masu filaye a cikin wannan shiri, waɗanda 'yan'uwansu ko mazajensu ke noma musu. Ranar da rikicin iyaka ya taso, ko aka zo rabon ruwa a ƙungiyar masu amfani da ruwa, wa zai tsaya musu da sanin awo da sanin doka?

Maza Ma da Nasu Takunkumin

Kada mai karatu ya zaci mata kaɗai wannan rabo yake cuta. Yaro namiji da ya ce zai karanta ilmin abinci mai gina jiki, ko sarrafa abinci, ko tattalin gida, ko koyar da yara 'yan shekara huɗu, abin da zai fara ji daga abokansa shi ne kalmar da kowa ya sani, watau ɗan daudu. Tsoron wannan kalma guda ya kori samari da yawa daga fannonin da ke da abinci a cikinsu. Alhali kuwa in mun dubi kanmu da kyau, mai tsire namiji ne, mai shayi namiji ne, mai gasa burodi namiji ne, kukun Bature ma a zamanin mulkin mallaka namiji ne. Ɗinki da surfani da rini da wanki da guga na kuɗi, waɗanda a wasu ƙasashe ake ɗauka aikin mata ne, a ƙasar Hausa maza ne suka shahara da su. Marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, duk da sunanta, maza ne a bakin rijiyoyinta. A ɗaya gefen kuma, matan Maguzawa da matan karkarar Maraɗi suna noma gayaunarsu da hannunsu. Wannan ya nuna cewa rabon sana'a abu ne da yake bambanta daga gari zuwa gari, daga zamani zuwa zamani.

Ƙasar Kura da Bunkure tana bukatar samarin da ba sa jin kunyar tukunya. Kowace kakar tumatir, in kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, ana ganin kwanduna suna ruɓewa, ana yanka abin da ya samu ana shanya shi a ƙasa domin a yi kauɗa, ƙura da yashi suna hawa kansa. Maganin wannan hasara yana hannun masu ilmin busarwa da matsewa da adanawa, wannan ilmi kuwa ɗan'uwan girki ne na jini. Haka kuma a 2016, da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, ba wanda ya damu ko masanin ƙwarin da zai kawo ɗauki mace ce ko namiji. Masifa in ta zo, mai sani ake nema.

Hujjojin Masu Ja

Ba daidai ba ne a yi watsi da maganar masu ja kamar ba su da hankali, domin a cikinsu akwai iyayenmu, kuma tsoronsu yana da tushe. Hujjarsu ta farko addini ce. Amsarta tana cikin tarihin Musulunci kansa. Nana Khadija attajira ce mai aika fatake. Nana Zainab bint Jahsh tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, ga shi kuwa a ƙasar Hausa jima sana'ar maza ce. Asma'u 'yar Sayyadi Abubakar tana kula da dokin mijinta, tana ɗauko kaya a ka daga gonarsa. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa wata mata izinin fita ta girbe dabinonta alhali tana cikin idda. A ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke tafiya ƙauyuka suna kai wa mata ilmi har gida. Malamar gona ta yau, in an duba da kyau, sawun jaji take bi. Abin da addini ya shar'anta shi ne sutura da kamun kai da tsare haƙƙin aure, waɗannan kuwa suna kan malamar makaranta kamar yadda suke kan injiniya.

Hujja ta biyu ita ce ƙarfin jiki. Aikin injiniyan ruwa lissafi ne da zane da awo da sa ido, ba ɗaukar buhu ba ne. Wadda ta iya ɗaga tukunyar turara shanshera daga murhu, sitiyarin tarakta ba zai gagare ta ba. Hujja ta uku ita ce aure, kuma ita ce mai nauyi. Karatun injiniya da na aikin gona shekara biyar ne, na likitan dabbobi shida, aikin kuma yakan kai mutum ƙauye. Gaskiya ne wannan yana da wuya ga mai goyo, gaskiya ne kuma wasu mazan ba za su yarda ba. Amma wahalar ba ta fi ta likita mai kwana a asibiti ba, mun kuwa ga dubban gidaje da suka iya da ita. Abin da ake bukata shi ne a yi maganar tun wajen neman aure, hukuma kuma ta tanadi masauki mai tsaro da abin hawa, a riƙa tura mace aiki kusa da garinsu. Yarinyar da aka haifa a Bunkure, ta yi karatu a Kano ko Wudil ko Ɗambatta, ta dawo ta yi aiki a Bunkure, ina ta ɓata?

Aikin da Ya Rataya a Wuyanmu

Wani zai ce, mu ɗaliban Hausa ne, ina ruwanmu da magudana da tarakta? Ruwanmu ya fi na kowa. Da yawa daga cikinmu aji za mu koma, mu ne za mu tsaya a gaban yara a lokacin da ake raba su tsakanin ajin kimiyya da na adabi. Kalma guda daga bakin malami, kamar ya ce wa yarinya lissafi ba na mata ba ne, ta isa ta rufe ƙofar da ba za ta sake buɗuwa ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasunmu za su shiga gidajen rediyo, wasu za su rubuta littattafan karatu da wasannin kwaikwayo. In a kowane littafin firamare Audu ne ke tuƙa mota Binta kuma tana shara, to mun koyar da darasin da ba ya cikin manhaja. Haka kuma aikin fassara da ƙirƙirar kalmomi namu ne. Takardar bayanin maganin feshi da littafin gyaran inji in ba su zo da Hausa mai daɗin fahimta ba, matan da karatunsu bai yi nisa ba su ne na farkon waɗanda za a bari a baya.

Fanninmu ma shaida ne a kan abin da nake faɗa. Littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 duk maza ne suka rubuta su, aka kuma yi shekaru ana ganin rubutun zube aikin maza ne, har Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Bayanta sai ga su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin wasu, har ya zama ba a iya maganar adabin Hausa na zamani ba tare da mata ba. A fannin shari'a, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a Jihar Kano, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar ilmin tsirrai, ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Kowace daga cikinsu ta shiga inda a da ake cewa ba wurin mace ba ne, sama kuwa ba ta faɗo ba.

Kammalawa

Ba cewa nake yi kowace yarinya sai ta zama injiniya, ko kowane yaro sai ya ɗaura gyauton girki ba. Koyarwa da jinya sana'o'i ne masu daraja, wadda ta zaɓe su da son ranta ta yi zaɓi nagari. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓa wa mutum hanya tun yana cikin zanen goyo, a binne basirar da Allah ya ba shi saboda tsoron bakin mutane. An kashe dukiya mai yawa an tare ruwa a Tiga, an sake kashe wata wajen gyaran magudanai da taimakon Bankin Duniya, amma siminti ba ya gudanar da kansa, sai da mutane masu sani. Al'ummar da ta ce rabin 'ya'yanta kaɗai za ta zaɓo waɗannan masana daga cikinsu, ta ɗaure hannunta ɗaya ne, Hausawa kuwa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu, kowa ya dubi ƙannensa. Wadda ka ga tana son lissafi, ko tana kwance rediyo ta ɗaura, ka zauna da mahaifinku cikin ladabi ka yi mata magana, ka nuna masa makarantun kimiyya na 'yan mata da ke jihar. Wanda ka ga hankalinsa yana wajen tukunya, ka hana a yi masa dariya, ka gaya masa akwai digiri a wannan fanni. Malamanmu kuma muna roƙonsu su ba da ayyukan bincike a kan kalmomin noman rani da na sana'o'in matan Kura da Bunkure, domin a tattara su tun masu su suna raye. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu amfani al'ummarmu da shi, amin.